NAZARI: Tarkon ƙuda da alƙawarin da masu tumakin Ostireliya suka karya

A shekarar 2004, shugabannin masana'antar ulu ta Ostireliya suka yi wa duniya alƙawarin daina yanke fatar gindin 'yan raguna kafin ƙarshen 2010. Wa'adin ya zo ya wuce, kuma har yau wuƙa ba ta koma kube ba.

Tushen matsalar wani koren ƙuda ne da masana ke kira Lucilia cuprina, wanda ke haddasa mafi yawan rauni a garkunan ƙasar. Macen kan yi ƙwai a cikin jiƙaƙƙen gashin da fitsari ko gudawa suka ɓata, tsutsotsi su ƙyanƙyashe su shiga cin naman dabbar da ranta. Tumakin Merino, masu fata mai ninki-ninki, su suka fi faɗawa wannan azaba. Asarar da makiyaya ke tafkawa duk shekara ta haura dalar Ostireliya miliyan 100.

Don haka ne ake yanke ninkin fatar tun dabbar tana ƙarama, domin wurin ya warke sumul. Masu kare haƙƙin dabbobi na kallon aikin a matsayin zalunci, manyan kamfanonin tufafi kuma sun fara ƙauracewa ulun da aka samar ta wannan hanya. Niyu Zilan ta haramta shi tun Oktoban 2018. Jihar Biktoriya kuwa ta tsaya ne kan wajabta maganin kashe zafi daga Yulin 2020.

A nan tarkon LuciTrap ya shigo. Bokiti ne mai murfi da ƙananan ramuka, a cikinsa akwai kwalaben sinadarai masu fitar da warin ruɓaɓɓen nama. Ƙudan ya bi warin ya shiga, ya kasa fita, ya mutu ba tare da an fesa guba ba. Ana ba da shawarar tarko ɗaya ga kowane tumaki 100, a kafa shi kafin ƙudajen su fara fitowa bayan hunturu.

Gwaje-gwaje sun nuna tarkon na rage yawan ƙuda, amma hakan bai zama raguwar rauni a kowace gona ba. Ƙudaje kaɗan sun isa su illata garke idan ruwa da ɗumi suka haɗu, kuma na maƙwabcin da bai kafa tarko ba ba su san shinge ba. Babban amfaninsa shi ne gargaɗi: yana sanar da makiyayi lokacin da ya kamata ya yi aski ko feshi. Wannan na da muhimmanci, ganin ƙudan ya fara jure magunguna irin su dicyclanil.

Mafita mai ɗorewa ita ce kiwon irin tumaki marasa ninkin fata, aikin da ke cin shekaru da kuɗi. Muddin doka ba ta gindaya wa'adi ba, kasuwa ce kaɗai za ta tilasta sauyin, kuma ƙananan makiyaya ne za su fi ɗanɗana kuɗarsa.