Raddi ga Mai Cewa Zancen Rai Maganin Barci Ne ga Lebura

Wani ɗan boko a Kura yana ta yaɗa wata magana, har ta fara kama kunnen matasa a Bunkure. Wai koyarwar Katolika a kan rai dabara ce ta kwantar da talaka. A ce masa jiki ƙasa ne, rai ne abin kula, don haka ya haƙura da mai gonar da ya danne masa kuɗin ƙwadago, sakayya tana lahira. Ya ƙara da cewa zancen mutuncin ɗan'adam kayan Turawa ne, kuma Kiristocin yankin ba su kai yawan da za a saurare su ba.

Duk ginin nasa a kan abu ɗaya ya tsaya, wato Ikilisiya ta ware rai ta wulaƙanta jiki. Don Allah a ina ya karanta wannan? Tun 1312 Majalisar Biyen a Faransa ta yanke cewa rai shi ne ke sa jiki ya zama jikin mutum mai rai, kamar yadda Toma Akwinas ya koyar kafin rasuwarsa a 1274. Katikizim na 1992, daga sakin layi na 362 zuwa 368, ya bayyana cewa haɗuwar rai da jiki halitta ɗaya ce. Majalisar Batikan ta Biyu a 1965 ta hana mutum raina rayuwar jikinsa. Ko bai buɗe littafi ba, da ya tsaya bakin coci ranar Lahadi, da ya ji muna shaida tashin matattu. Wanda ya ɗauki jiki shara, me zai sa ya sa rai Allah zai tashe shi? Abin da yake liƙa mana koyarwar Manikawa ce, wadda Agustin na Hippo ya fita daga cikinta ya shekara da shekaru yana rushe ta. Abin takaici ne mutum ya tsallake duk wannan ya hau kan benci yana yi wa jama'a fatawa.

Mu sauko gona. Tun da ruwan madatsar Tiga ya fara bin magudanan Kadawa, rani ya daina zama lokacin hutu. Ka ga yaro da tankin feshi a baya cikin tumatir, ba takunkumi, ba takalmi, maganin yana ɗiga a rigarsa. Ka ga wanda ya wuni tsaye cikin ruwa yana dashen shinkafa har tsargiya ta kama shi, da matan Kura da hayaƙin turara shinkafa ya sa idanunsu suka yi ja. A koyarwarmu, wanda ya cuci wannan jikin ya cuci mutumin ɗungurungum. Ba wani ɓangare da za a ce an bar masa lafiya lau a ajiye don lahira.

Sai batun haƙuri. A 1891 Paparoma Leo na 13 ya rubuta a wasiƙarsa Rerum Novarum cewa idan yunwa ko tsoro suka tilasta wa ma'aikaci karɓar ladan da ba zai riƙe shi ba, an zalunce shi ko da ya ce ya yarda. Wannan ba shi ne halin mai tsinkar tumatir ba, a ranar da farashin kwando ya faɗi a kasuwar Kwanar Gafan aka rage masa kuɗi? Wasiƙar Yaƙub sura ta 5 ta gargaɗi masu gona a kan ladan magirba da suka hana, Katikizim kuma ya sa zaluntar ɗan ƙwadago cikin zunuban da kukansu ke kaiwa sama. Wane irin maganin barci ne wannan?

Kayan Turawa kuwa, Littafin Farawa, inda muka samo zancen mutuncin ɗan'adam, bai fito daga Ingila ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna karanta karrama 'ya'yan Adam a Suratul Isra'i aya ta 70. Ya je ya gaya musu daga Turai aka kawo.

Zancen yawa bai cancanci dogon raddi ba. An kafa Dayosis na Kano a 1999, kuma ko Katolika goma ne a Bunkure, hujjarsu ake aunawa.