Sulusi Da Rubu'i Ba Baƙi Ba Ne A Ƙofar Dawanau

'Yan uwa malamai, duk wanda ya taɓa riƙe aji huɗu a cikinmu ya san wannan amsa: ka rubuta 1/2 + 1/3 a allo, rabin ajin su kawo maka 2/5. Sun tara lambobin sama, sun tara na ƙasa, sun zauna suna jiran yabo. Amsar da suka samu ko rabi ba ta kai ba. Wato an ƙara wa rabi wani abu, sai ya ragu!

Yaron da ya rubuta wannan, shi ne fa ake aika awo da yamma. Titin da ya bi ta ƙofar nan shi ne ke kai mutum kasuwar hatsi ta Dawanau, kuma da yawa daga iyayen ɗalibanmu can suke neman abinci. Ka auna wa yaron rabin kwanon gero, ka ƙara masa sulusi, sannan ka ce abin da ke hannunsa bai kai rabi ba, ka ga ko zai yarda. A gaban mai awo ba a cutarsa. Sai a gabanmu yake ruɗewa, domin mun ɗauke kwanon mun ba shi kalmomin Turanci biyu yana rerawa kamar karatun aku.

Shi ya sa muka ƙi amincewa da matakin da ministan ilimi, Tunji Alausa, ya bayyana a Nuwamban 2025, na soke tsarin koyarwa da harshen uwa da aka amince da shi a 2022. Hujjarsa ita ce yara na faɗuwa jarrabawa a yankunan da suka rungumi tsarin. Muna tambaya: wane littafin lissafi na Hausa aka raba mana a waɗannan shekaru uku? Wace bita aka yi mana? An ɗora wa Hausa laifin aikin da ba a taɓa ba ta kayan yinsa ba. Tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ife, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida na firamare, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Can an rubuta littattafai, an horar da malamai kafin a yanke hukunci.

Masu cewa Hausa ba ta da kalmomin lissafi, su zo zaure ranar rabon gado. Rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni: da su ake raba gidaje da gonaki a birnin nan tun kafin a gina ajin boko ko ɗaya. Yarinyar da ta ji a Islamiyya cewa matar mamaci tana da rubu'i in bai bar ɗa ba, sumuni in ya bari, ta riga ta san 1/8 bai kai 1/4 ba, ko da yake takwas ta fi huɗu. Wannan shi ne wurin da yara suka fi tuntuɓe, ga shi malamin fiƙihu ya share mana hanya kyauta. Haka manomi ya san zakkar hatsin damina ushiri ce, ta noman ban-ruwa da wahala rabin ushiri.

Ba mu ce a kori Turanci ba. Da shi za su rubuta jarrabawar shiga sakandare, kuma haƙƙinsu ne su iya shi. Amma suna yakan biyo bayan haihuwa. A bar yaro ya yanka rake gaɓa shida, ya ga rabi uku ne, sulusi biyu ne, ya ƙirga biyar cikin shida da yatsansa, sannan a faɗa masa yadda Bature ke kiran abin.

Mu ma da namu laifin. Wasunmu sun fi son rerawa domin ta fi sauƙi a ajin da ya cika maƙil, kuma kwano da rake ba sa cikin abin da mai duba makarantu ke nema a littafin shirin darasi.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024. Muna roƙon shugabannin reshe su kai wa SUBEB buƙata a rubuce: jagoran malami na lissafin kaso da Hausa, da bita a kansa kafin zango mai zuwa. Iyaye kuma, in an dawo daga awo, ku miƙa wa yaro kwanon ku tambaye shi rabin rabi nawa ne.