FILIN INGILISHI: "Should" Da "Must" Ba Nauyinsu Ɗaya Ba

Jama'a, a wannan fitowa za mu ɗauko waɗansu 'yan kalmomi na Ingilishi waɗanda kowa ya ke ji kullum a asibiti, da makarantar yara, da ofishin majalisar gari, da bakin ɗan sanda. Su ne "should", da "ought to", da "had better", da "must", da "supposed to". Da yawa cikin dattawanmu sukan haɗa su duka su fassara su da "ya kamata". 'Ya'yanmu da jikokinmu kuwa da aka haifa nan Ingila sun san bambancinsu a kunne, amma in an ce su bayyana wa kakansu da Hausa sai abin ya gagare su. To, kalmomin nan kowace da nauyinta. Wata doka ce, wata shawara, wata gargaɗi, wata kuwa tsammani ne kurum. Wanda bai auna su ba yana iya biyan tara, ko ya rasa lasin tuƙi, ko ya zauna jiran abin da ba a yi masa alkawarinsa ba.

Babu inda aka fayyace wannan sarai kamar littafin ƙa'idodin hanya, watau Highway Code, wanda gwamnati ta fara bugawa cikin 1931, ana sayar da shi kwabo ɗaya. Duk wanda ya ci jarrabawar tuƙi a ƙasar nan ya karanta shi, 'yan'uwanmu masu tuƙa tasi da bas da motar kaya kuwa da shi su ke cin abinci. In ka buɗe shi za ka ga ƙa'idodin sun rabu gida biyu.

Inda aka rubuta "must" ko "must not" da manyan baƙaƙe, to, doka ce, har akan sa sunan dokar a ƙarƙashin ƙa'idar. Wanda ya ƙetare ta ya yi laifi a gaban shari'a. Ga misali. Tun 1983 tilas ne direba da wanda ke zaune kusa da shi su ɗaura bel. Riƙe wayar hannu ana cikin tuƙi kuwa, tun 2017 hukuncinsa tarar fam 200 ne da maki 6 a kan lasin. Wanda bai cika shekara 2 da cin jarrabawa ba, makin nan 6 kaɗai sun isa a soke lasinsa, ya koma ya sake jarrabawa tun daga farko. Saboda haka Hausar "must" ita ce dole, ko tilas.

Inda aka rubuta "should" ko "should not" kuwa, shawara ce. Rashin bin ta, shi kaɗai, ba ya sa a kai mutum ƙara. Amma fa kada wani ya ce ashe ganin dama ne. Dokar hanya ta 1988, a sashe na 38, ta yarda cewa in magana ta kai gaban alƙali ana iya kafa hujja da rashin bin ƙa'idar, don a nuna wanda alhakin ke wuyansa. Ku dubi wurin ƙetare titi mai zanen fari da baƙi. In mai tafiya da ƙafa ya riga ya sa ƙafarsa a kan zanen, ba shi hanya "must" ne. In yana tsaye a gefe yana jira, tun gyaran da aka yi wa littafin cikin Janairun 2022, ba shi hanya "should" ne. Haka nan kuma barin ratar mita 1 da rabi sa'ad da za ka wuce mai keke, in gudunka bai fi mil 30 a awa ba, shi ma "should" ne. To, ka matse mai keke ya faɗi ya karye, sa'an nan ka ce wa alƙali ai shawara ce aka ba ka, ka ga ko maganar za ta fisshe ka daga biyan diyya.

Wannan nauyi kuwa tun asali ya ke cikin kalmar. Masu binciken asalin kalmomi sun nuna "should" daga "shall" ta fito, ita kuwa a tsohon Ingilishi na shekara 1000 da suka wuce da ita mutum ya ke cewa ana bin sa bashi. "Ought" ma 'yar'uwar "owe" ce, kalmar da har yau da ita a ke maganar bashi. Watau in Bature ya ce maka "you should" ko "you ought to", ya bar maka zaɓi, amma ya tuna maka akwai hakki a kanka. Kalmomin biyu ma'anarsu kusan ɗaya ce, sai dai "should" ta fi yawa a bakin mutane da cikin takardu. Su ne daidai da "ya kamata" namu.

Sai "had better". Mu mukan ji ta kamar "gara" ko "gwamma", maganar aboki da aboki. Amma ta Ingilishi akwai kashedi a bayanta, ko an faɗe shi ko ba a faɗa ba. In maigidan haya ya ce "You had better pay by Friday", abin da ya ke nufi shi ne, ka biya kafin Jumma'a, in ba haka ba ka ga abin da zai biyo baya. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Don haka mu ma mu lura da inda mu ke ajiye ta. Uba yana iya faɗa wa ɗansa, amma wanda ya faɗa wa ma'aikacin ofis ko shugabansa a wurin aiki, za a ɗauka barazana ya yi, alhali shi a ransa shawara ya bayar.

Akwai kuma wata al'ada ta mutanen ƙasar nan da ta kan ruɗe baƙo, har da wanda ya daɗe. Ba su son ba da umurni kai tsaye, sai su lulluɓe shi. Shugaba ya dubi aikinka ya ce "You might want to check this again." A zahiri cewa ya yi wataƙila ka so ka sake dubawa. Nufinsa kuwa akwai kuskure, ka gyara. Mu da muka san yadda babba kan ce wa yaro "da ka ɗan leƙa gidan kawunka", yaro kuwa ya tashi nan da nan, bai kamata wannan ya zama mana sabon abu ba. A dubi wanda ya yi maganar tukuna, kana a auna kalmar.

Yanzu ga ɗaya fuskar "should", wadda ba ta shafi shawara ba ko kaɗan. In ma'aikaci ya ce "The letter should arrive on Monday", ba wasiƙar ya ke ba shawara ba. Cewa ya yi ana sa ran ta iso ran Litinin, in komai ya tafi daidai. Bai ɗauki alkawari ba. Da alkawari ne da "will" zai ce. Haka nan in likita ya ce "The pain should go in three days", tsammaninsa ke nan, kuma a cikin maganar akwai saƙo: in kwana 3 sun wuce ciwon bai tafi ba, ka komo. Wanda ya ji "should" irin wannan kada ya sayi tikitin jirgi ko ya ajiye aikinsa a kanta.

"Supposed to" ita ma tsammani ce, amma irin wanda aka shirya ko aka ɗora wa mutum. "You are supposed to sign here", watau ƙa'idar wurin ita ce ka sa hannu nan. In aka mai da ita baya, aka ce "You were supposed to come at nine", to, ba labari a ke ba ka ba, zargi ne, an sa ran ganinka ƙarfe 9 ba ka zo ba. Haka "You should have told us", watau da ka gaya mana, ga shi ba ka yi ba. Amsar waɗannan biyu ita ce ba da haƙuri da faɗin dalili.

Saura tarko ɗaya, shi ne ya fi duka haɗari. "Must" da "have to" duka dole ne, amma in aka kore su sai su rabu. "You must not" nufinta kada ka kuskura. "You don't have to" nufinta ba sai ka yi ba, in ka so ka yi, in ka so ka bari. Takardar asibiti in ta ce "You must not eat after midnight" kafin a yi wa mutum aiki, hani ne, don abincin da ke ciki yana iya komowa ya shiga huhu sa'ad da aka sa shi barci. Wanda ya karanta ta kamar "ba dole ba ne ka ci" ya karya kumallo, ko dai a ɗage aikin, ko ya jefa kansa cikin hatsari. Muna roƙon samari da 'yammata masu karanta wa iyaye takardu su tsaya a kan wannan, su fassara "must not" da "kada", su fassara "don't have to" da "ba sai an yi ba".

In kuwa kalma ta shige maka duhu, ga tambayoyi biyu gajeru da kowa zai iya riƙewa. Ta fari, "Do I have to?", watau dole ne? Ta biyu, "What happens if I don't?", watau in ban yi ba me zai faru? Likita da malamin makaranta da ma'aikacin ofis duk sun saba jin su, ba wanda zai ga rashin ladabi a ciki. Matambayi ba ya ɓata.

A fitowa mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba "can" da "may" da "could", kalmomin neman izini da roƙon alfarma. Wanda ya sami wata jimla cikin takarda da ta dame shi, ya kwafo ta ba tare da suna ko adireshi ba, ya aiko wa wannan fili.