Shawarar Wata: Kanwa da Farin Ƙarfen Moto

A wannan wata za mu yi magana a kan moto, wanda ƴan Najeriya ke kira babur.

Duk wanda ya je kasuwar Gidigir ya ga yadda moto ya yi yawa. Shi ke fito da dabino da rogo da rake daga kwari zuwa bakin kwalta, wadda ta taso daga Damagaram ta nufi Gure. Shi ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare. Da yawa cikinmu sai da suka sayar da sa ko tumaki kafin su saye shi. Abin da aka saya da kuɗin dabba, ya kamata a yi kiwonsa kamar dabba.

Kwanan baya wani maƙwabcina ya kira ni in duba nasa. Bai shekara biyu da saye ba, amma murfin inji ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari. Da na goge, sai ga ƴan ramuka kamar zanzana. Na tambaye shi aikin da yake yi da shi. Ya ce yana ɗauko buhunan kanwa daga kwari. Na ce da me yake wanke shi? Ya ce da toka da soson ƙarfe, don ya yi ƙyalli. Ya so ya sayar, masu saye suka karya masa kuɗi. Ashe da hannunsa ya ɓata abinsa bai sani ba.

Mene ne wannan farin ƙarfe?

Sunansa alminiyam. Wasu suna ce masa sanholo ko goran ruwa. Shi ne ƙarfen da ake zuba tukwanenmu da shi. Ana samunsa daga wata jar ƙasa da ake haƙowa, ƙasar Gine tana cikin waɗanda suka fi kowa arzikinta. A jikin moto, da shi ake yin kan inji, da murfin inji na dama da na hagu, da hannun birki, da cibiyar ƙafa. Wasu motocin ma duk ƙafar da shi aka zuba ta.

Ana sonsa don abu biyu. Na ɗaya, ba shi da nauyi. In baƙin ƙarfe ya yi kilo 3, alminiyam mai girmansa kilo 1 zai yi. Na biyu, yana fitar da zafi da sauri. Amma yana da taushi. Yana narkewa a zafin digiri 660, shi ya sa maƙera ke narka shi da gawayi da zugazugi.

Alminiyam ba ya yin jar tsatsa. Da iska ta taɓa shi, sai ya yi wata siririyar fata wadda ido ba ya gani. Ita ce garkuwarsa. Kanwa tana cinye wannan fata. Haka toka, haka soda ta yin sabulu. Gishiri kuma shi ke huda ƴan ramuka. Ku tambayi matan gida: tukunyar da ake yawan dafa wake da kanwa a cikinta, yaya cikinta yake? Za su ce muku ya yi duhu, ya yi kaushi. To, abin da ke samun tukunya shi ke samun moto.

Mu kuwa a ƙasar Gure, kanwa da gishiri suna cikin ƙasar kwari. Da rani suna tashi cikin ƙura. Da damina suna cikin taɓo. In ruwa ko raɓa ta same su a jikin inji, sai su soma aiki.

Yadda za a wanke

1. Ka bar inji ya huce tukuna. Kada ka watsa wa inji mai zafi ruwan sanyi, yana iya tsagewa.

2. Ka fara zuba ruwa mai kyau, yashi ya sauka. In ka goga tsumma a kan yashi, ka yi wa ƙarfen zane.

3. Ka sa ɗan sabulu da tsumma mai laushi. Ka guji sabulun gida mai yawan soda. In garin sabulun wanki ka samu, kaɗan za ka sa, ka ɗauraye nan take.

4. Ka samu tsohon buroshin haƙori ka bi layukan nan da ke jikin kan inji kamar haƙarƙari. Ta nan iska ke ɗauke zafi. In taɓo ya toshe su, inji zai yi ta zafi, ya rasa ƙarfi cikin rairayi.

5. Ka ɗauraye sosai, ka share da busasshen tsumma. Bokiti guda ya isa in an yi tattali.

Ranar da ka shiga taɓon kwari ko ka ɗauko kanwa, a ranar za ka wanke. Kada ya kwana. Kafin ka ɗaura buhu, ka shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa.

Yadda za a dawo da ƙyalli

Ka duba tukuna. Sabon moto yakan zo da fenti ko wani shafi mai haske a kan murfin inji. In yana nan lafiya, kada ka kankare shi. Ruwa da tsumma sun ishe shi.

In shafin ya tashi, farin gari ya fito, ka matse lemun tsami ko ka jiƙa tsamiya, ka shafa a wurin. Ka jira kaɗan, ka ɗauraye da ruwa. In akwai kaushi, ka nemi samfefa mai laushi, mai lamba 600 da mai lamba 1000. Ka jiƙa ta da ruwa. Ka fara da 600, ka gama da 1000, kana gogawa a hankali ta gefe ɗaya. Daga nan ka ɗiga man goge ƙarfe a tsumma. In babu, man goge haƙori ma yana yi. Za ka ga tsumma ya yi baƙi. Kada ka tsorata, haka yake yi. Ka canza tsumma ka ci gaba har ya haska. A ƙarshe ka shafa ɗan mai kaɗan ka share shi, don ƙura kada ta manne.

Ramin da ya riga ya yi zurfi ba ya cikowa. Shi ya sa rigakafi ya fi magani.

Gargaɗi uku

Na farko, kada mai ko giris ya shiga cikin birki. Birkin da ya sha mai ba ya kamawa.

Na biyu, kada ka matse buji ko notin zubar da baƙin mai da ƙarfin tsiya. Su baƙin ƙarfe ne, raminsu kuwa alminiyam ne mai taushi. Ka fara murzawa da yatsu, sannan ka ƙarasa da sifana. In haƙoran ramin suka cinye, sai ka nemi makaniki, ga asarar kuɗi, ga asarar ranar kasuwa.

Na uku, lokacin wanki ka buɗe ido. In ka ga tsaga a hannun birki ko a ƙafa, ka canza. Alminiyam da ya lanƙwashe, in an buga shi don ya miƙe, yakan karye ba gargaɗi. Gara ka sayi sabon hannun birki da ya karye maka a kan kwalta, kana ɗauke da iyali.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Ku gaya wa yaran da kuke ba wankin moto: ban da toka, ban da kanwa, ban da soson ƙarfe.

Allah ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa.