Irin da bai tsiro ba: laifin wa?

Da zarar an ɗaure dammunan hatsi, hankalin masu garka ya koma ga renon iri. Daga Gulbin Maraɗi zuwa Mirya, daga Galmi zuwa bakin kogin Isa a Yamai, watannin Oktoba da Nuwamba su ne lokacin gyaran fangali. Tun bayan farin 1984, sa'ad da gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a ga noman rani, garka ta daina zama aikin manoma kaɗai: ma'aikaci na da tasa a bayan gari, ɗan kasuwa ya zuba jari a ta ƙanensa. Amma kowace shekara kukan ɗaya ne. An watsa iri, an yi mako biyu ana ban ruwa, fangali na nan wayam. Mai garka ya ce mai kanti ya cuce shi, mai kanti ya ce hannun mai garka ne. Sau da yawa kowannensu yana da rabonsa na gaskiya.

A fara da albasa, tun da ita ce kuɗin. Iri abu ne mai rai, yana numfashi, yana tsufa, yana mutuwa, kuma a cikin kayan garka babu wanda ya kai irin albasa saurin mutuwa. Irin tumatir ko na kuɓewa na iya shekaru uku ko huɗu in an adana shi da kyau. Na albasa kuwa, a zafin ƙasarmu, da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa. Masana iri sun daɗe da lura cewa duk ƙarin zafi na digiri 5 a wurin ajiya yana rage kusan rabin rayuwar iri, kuma laima ta fi zafi ɓarna. To, mai karatu ya dubi yadda ake sayar da shi a kasuwanninmu: a buɗe cikin tasa, bisa tabarma, rana na dukansa tun hantsi har la'asar, bayan ya sha raɓar damina a cikin buhu. Baƙinsa na nan, ƙamshinsa na nan. Ido ba ya bambanta mataccen irin albasa da mai rai, shi ya sa wanda ke haɗa na bara da na bana yake cin kasuwarsa lafiya. Wannan ba dabarar ciniki ba ce, cin amana ne, ko da yake da yawa daga masu sayarwar su ma haka aka sayar musu.

Maganin wannan gardama ba ya cin ko dala. Kafin a biya kuɗin iri mai yawa, a sayi kaɗan, a ƙidaya ƙwaya 100, a jera su kan tsumma mai laima, a naɗe, a ajiye a inuwa cikin ɗaki, ana yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana 10 zuwa 12 a buɗe a ƙidaya waɗanda suka fasa. In sun kai 80, iri ya yi. In 50 ne, sai an kusan ninka abin da za a shuka, kuma farashi ya kamata ya sauka daidai da haka. In bai kai nan ba, a mayar wa mai shi. Ɗan kasuwar da ke yin wannan gwaji da kansa kafin ya sari kaya, shi ma ya huta da ƙorafi. Abin da ake tsoro ba asarar kuɗin iri ba ce kawai. Albasa na yin kusan kwana 45 a reno kafin dashe. Wanda ya ɓata mako biyu yana jiran mataccen iri, sannan ya sake shuka, albasarsa za ta nuna lokacin da ta kowa ta cika kasuwa.

Sai dai ba kullum ne iri ke da laifi ba. Ma'aikata, masu karanta faransanci, sukan faɗa wani tarko na daban. Wasu ƙunshin iri da ke zuwa daga Turai an rubuta a bayansu cewa a shuka a Maris ko Afrilu. Can lokacin ne sanyi ke janyewa. Nan kuwa tsakiyar bazara ce. Salati, alal misali, in zafin ƙasa ya haura digiri 30, ƙwayarsa sai ta yi barci ta ƙi tsirowa ko da sabuwa ce. Wanda ya yi gaggawar shuka shi a zafin kaka, sai ya shuka da yamma, ya yi wa fangali rumfa, ko ya haƙura har iskar hunturu ta taso. Kuɓewa da tattasai akasin haka suke: sanyin Disamba na sa su nawa, kuma tattasai da ma yakan kai mako biyu kafin ya leƙo.

Sauran kurakuran na hannu ne. Irin albasa ba ya son zurfin da ya wuce santimita 1, na salati ma a ɗan rufe shi da yashi kawai. Ruwan da aka kwara da bokiti yana kwashe iri zuwa gefe, yana kuma daskarar da saman ƙasa ta yi ɓawo, tsiro ya kasa fasawa. A yi amfani da abin ban ruwa mai ƙananan huda. Tururuwa na jidar iri cikin dare guda. Karan hatsi da aka shimfiɗa don riƙe laima yana da amfani, amma a ɗage shi ranar da tsiro ya fara bayyana.

Akwai kuma tsiron da ya fito lafiya, bayan kwana kaɗan ya kwanta, gindinsa ya yi siriri ya ruɓe. Wannan cutar cikin ƙasa ce, kuma abin da ke kiranta shi ne yawan ruwa, cunkoson shuka da ɗanyen takin da bai ruɓe ba. A shuka a layi, tsakanin layi da layi santimita 10, a rage ban ruwa, kuma fangalin da ya taɓa yin haka kada a sake reno a cikinsa baɗi.