Ciwon Ɓarin Kai: Kada A Yanke Wa Abinci Hukunci Ba Shaida

Yau zancenmu a kan ciwon ɓarin kai ne, wanda Larabawa ke kira shaƙiƙa. Wanda bai taɓa yinsa ba ya kan ɗauka ciwon kai ne kamar kowane, alhali kuwa ba haka ba ne. Shi wannan ya kan kama gefe guda na kai ya riƙa sara kamar ana daka, zuciya ta riƙa tashi, mai shi ba ya son haske, ba ya son ƙara, sai ya nemi ɗaki mai duhu ya kwanta. In ba a yi magani ba ya kan ɗauki daga sa'a 4 har sa'a 72. Masana sun ƙiyasta kamar mutum ɗaya cikin bakwai a duniya na fama da shi, mata kuwa sun ninka maza wajen sau uku. Ni ma ina cikin masu fama, saboda haka abin da zan faɗa ba a littafi kaɗai na gan shi ba.

Shekarar da na zo Ingila ciwon ya matsa mini ƙwarai. Sai wata rana a wani asibiti aka miƙo mini takarda mai jerin abincin da aka ce su ke ta da shi: cuku, cakulan, lemo, ayaba, albasa, gyaɗa, kifi mai banda, naman gwangwani, dunƙulen miya, har bayan takardar an cika. Na bar su duka. Wata huɗu ina cin shinkafa da miya lami, na rame har abokan aiki na tambayata ko lafiya. Kan kuwa bai fasa ciwonsa ba, kusan kowace Asabar sai ya kwantar da ni. Tun daga nan na ke da ra'ayin da na ke so in gabatar muku yau, watau irin wannan takarda cutarta ta fi amfaninta, domin ta kama mutanen gari duka saboda ɓarawo ɗaya, mai yiwuwa ma ɓarawon ba ya cikinsu.

Daga ina jerin nan ya samo asali? A 1967 wata likita a Ingila, sunanta Edda Hanington, ta buga rahoto cewa wani sinadari mai suna tayaramin ya kan ta da ciwon ga waɗansu mutane. Ana samun sinadarin nan cikin tsohon cuku da sauran abincin da aka bari ya daɗe ko ya yi tsami. Maganar ta shiga kunnen likitoci, aka yi ta ƙara sunayen abinci a kan takarda. Amma da waɗansu masana suka sake gwajin daga baya, sai sakamakon ya rarrabu, wani ya gani, wani bai gani ba. Takardar kuwa ta riga ta bazu, kuma kun san abin da ya shiga takarda fitarsa da wuya.

Labarin cakulan ya fi ban mamaki. A 1997 masana a Amurka suka tara mata 63 masu yawan ciwon kai. Wani lokaci a ba su cakulan na gaske, wani lokaci a ba su wani abu mai kama da shi da aka yi da 'ya'yan itacen karob, ba mai ci ba, ba mai bayarwa ba, babu wanda ya san wanne ne wanne sai bayan an gama. Da aka zo lissafi, cakulan bai fi ɗan'uwansa ta da ciwo ba, har ga matan da suka zo da tabbacin shi ne magabcinsu.

To, ƙarya su ke yi ke nan? Ko kusa. Abin da aka gane shi ne ciwon ɓarin kai ba daga saran kai ya ke farawa ba. Kwana ɗaya, wani lokaci biyu, kafin kai ya fara sara, ƙwaƙwalwa ta riga ta shiga ciwon. Mutum ya riƙa hamma, jiki ya mutu, wuya ya riƙe, ga yawan fitsari, ga kwaɗayin zaƙi. A 2014 Farfesa Peter Goadsby da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon a daidai wannan lokaci, suka ga wani ɗan sashe can ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda ke kula da yunwa da ƙishirwa da barci, ya riga ya motsa tun kai bai fara ciwo ba. Ashe sau da yawa ciwon ne ke aika mutum ya sayo cakulan, in ya bayyana kuma a ɗora wa cakulan laifi. Kamar wanda ya ga tururuwa na kwashe ƙwai ne, aka yi ruwa, ya ce tururuwa ce ta jawo hadari.

Dunƙulen miya ma ya sha zargi tun 1968, lokacin da wani likita a Amurka ya rubuta wasiƙa ga mujallar likitoci yana kukan yadda ya kan ji in ya ci abincin Sinawa. A 2018 ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta fitar da gishirin ɗanɗanon nan daga jerin abubuwan da ta ke lissafawa suna kawo ciwon kai, domin shaida ba ta isa ba. Uwargida ta rage shi saboda yawan gishiri, wannan dabam.

Ban ce fa ciki ba shi da hannu ba. Yana da shi, sai dai ba ta inda a ke nema ba. A 2007 wani likita a Amurka, Leslie Kelman, ya tambayi masu ciwon 1,207 abin da ke ta da nasu. Kusan 80 cikin 100 suka ce damuwa. Wajen 57 cikin 100 suka ce zama da yunwa. Waɗanda suka ambaci wani abinci na musamman kuwa ba su wuce 27 cikin 100 ba. Watau rashin ci ya fi ci laifi har ninki biyu. Giya kam shaidarta ta fi ƙarfi: a wani gwaji da aka yi a Landan a 1988, mutum 9 cikin 11 da aka ba jan giyar inabi suka kamu da ciwon, amma wannan ba damuwar yawancinmu ba ce.

Damuwarmu ita ce goro da shayi da gahawa, domin dukkansu akwai sinadarin kafeyin a ciki. Shi wannan baki biyu gare shi. Kaɗan daga cikinsa ya kan taimaka, har a kan sa shi cikin waɗansu ƙwayoyin ciwon kai. In ya yi yawa ya ta da ciwo. In kuma jiki ya saba da shi aka yanke masa rana ɗaya, nan ma kai ya ɗauka. Mai cin goro tun safe har dare, ko mai zaman shayi irin na Sudan da Chadi, ya san abin da ranar farko ta azumi ke yi masa. Saboda haka likitoci ke ba da shawara a fara ragewa sannu sannu tun makonni kafin wata ya kama, a sha ruwa sosai da dare, kada kuma a bar sahur.

Nawa ɓarawon a nan aka kama shi. Ran aiki na kan tashi da asuba in sha shayi mai kauri in karya kumallo. Ran Asabar sai in koma barci har hantsi, ba shayi, ba abinci, sai wajen azahar. Wata huɗu ina tuhumar ayaba.

Yadda na gano shi ne abin da na ke roƙonku ku gwada. Ku sami ɗan littafi irin na 'yan makaranta. Kowace rana, ko da ciwo ko babu, ku rubuta lokacin da kuka kwanta da lokacin da kuka tashi, da abin da kuka ci da lokacin da kuka ci shi, da yawan goro ko shayi, da ko rai ya ɓaci. Mata su sa ranakun al'ada, gama ita ma babbar mai ta da ciwon ce. In kai ya sara, a rubuta sa'ar da ya fara da maganin da aka sha. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ɗansa ya rubuta masa. A yi haka wata biyu ko uku kafin a zargi kome.

Sa'an nan a duba, kuma a nan ne yawancin mutane ke kuskure. Ba ranakun ciwo kaɗai za a ƙirga ba. In ka ci gyaɗa sau 20, kai ya yi ciwo bayan uku, ka tambayi kanka sauran 17 fa? Zuciya ta kan riƙe ukun nan ta manta da sauran, littafi kuwa ba ya mantuwa. In har wani abu ya yi ta fitowa, a bar shi, shi kaɗai, mako huɗu, sa'an nan a komo masa a ranar da aka yi barci sosai aka ci abinci a kan kari. A maimaita sau biyu ko uku. In aka bar abu biyar gaba ɗaya, ko an sami sauƙi ba za a san wanda za a gode wa ba. Za ku kuma tarar abin da ya kayar da ku ran da kuka kwana ba barci, wata rana ku ci shi lafiya lau, domin sau da yawa sai dalilai biyu ko uku sun taru ciwon ke tashi.

Littafin nan ku kai wa likita, zai fi masa amfani da dogon bayani. Zai ga har yawan ƙwayoyin da ku ke sha, gama wanda ke shan ƙwayar ciwon kai irin ta kanti kwana 15 ko fiye a wata, ita kanta ƙwayar ta kan mayar da ciwon na kullum. Amma akwai ciwon kan da ba a tsaya yi masa rubutu. In ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya irin na sanƙarau, ko hannu ya mutu, ko harshe ya karye, to, a ajiye littafi a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take.