Labaran Rugujewar Al'umma: Gurbinsu a Ajin Adabin Hausa

Daga cikin rassan ƙagaggun labarai akwai wanda ke suranta al'ummar da tsarinta ya ruguje: hukuma ta kau ko ta zama dodo, kasuwa ta mutu, amana ta ɓace, kowa yana fafutukar tsira da ransa. A adabin Ingilishi reshen ya daɗe da yin ƙarfi. George Orwell ya fitar da *Nineteen Eighty-Four* a 1949, inda ya nuna mulkin da ke sa ido har a kan tunanin mutum. William Golding ya biyo da *Lord of the Flies* a 1954, labarin yaran da suka maƙale a tsibiri har tarbiyyarsu ta zube. A Amurka kuwa Octavia Butler ta rubuta *Parable of the Sower* a 1993 a kan fari da rushewar tsaro. Ya dace malamin Hausa ya bai wa irin wannan adabi gurbi a ajinsa, domin yana horar da ɗalibi ya yi tunani a kan abubuwan da ke riƙe da al'umma.

Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1975 Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara *Animal Farm* na Orwell da sunan *Gandun Dabbobi*. A 1982 aka buga *Ƙarshen Alewa Ƙasa* na Bature Gagare, wanda ya zana duniyar ta'addanci da makamai da miyagun ƙwayoyi bayan yaƙin basasa. A shekarar kuma *Turmin Danya* na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona asirin fasa-ƙwauri da cin hanci, sannan *Tura Ta Kai Bango* ya biyo a 1983 a kan zaluncin siyasa. Waɗannan littattafai sun kai mai karatu bakin rami, sun nuna masa zurfinsa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labarin da zai shiga ramin, ya nuna yadda mutane za su rayu bayan komai ya rushe.

Kayan gina irin wannan labari kuwa suna nan jibge a tarihi. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta watsa garuruwa a ƙasar Hausa. Farin 1973 ya kashe dabbobi, ya kori manoma zuwa birane cin rani. Ko a Zariya, unguwar PZ da ke Sabon Gari ta isa misali. Sunanta daga kamfanin Paterson Zochonis ya samo asali, ta kuma bunƙasa ne da zuwan jirgin ƙasa da cinikin auduga da gyaɗa. Ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos an rufe shi a 1957, kuma harkar jirgin gaba ɗaya ta ja baya a shekarun da suka biyo. A 2020 dokar kulle ta annobar korona ta tsayar da kasuwanni, a farkon 2023 kuma ƙarancin takardun Naira ya sa jama'a suka yi ta cincirindo a ƙofar bankuna, mai kuɗi a asusu ya kasa sayen mudun masara. Ɗalibin da ya ga wannan ya san cewa zaren da ke ɗaure da rayuwar birni siriri ne.

Akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Wasu na ganin cewa suranta abin da zai faru gobe shisshigi ne cikin gaibu, wanda Allah kaɗai Ya sani. Wasu kuma na tsoron kada labaran su cusa wa yara ɗebe tsammani a zamanin da satar mutane da tsadar rayuwa suka riga suka cika musu zukata. Amsar ta farko ita ce marubucin ba duba yake yi ba. Halin yau yake ɗauka ya miƙe shi zuwa inda zai iya kaiwa idan ba a gyara ba. Gargaɗi kafin aukuwar masifa sananne ne a addini, kamar yadda ƙissar Annabi Yusufu ta nuna a tanadin shekaru 7 na yalwa domin shekaru 7 na fari. Suka ta biyu kuwa a wuyan malami take. Labarin da ba ya ɗauke da komai sai kisa da firgici bai cancanci aji ba. Wanda ya cancanta shi ne mai tambayar abin da ke saura idan hukuma da kuɗi sun gushe: zumunci, gayya, adashi, rumbun tsimi, haƙƙin maƙwabtaka.

Malami zai iya farawa da aiki mai sauƙi. Ya umurci ɗalibai su rubuta gajeren labari a kan Sabon Gari bayan wata 3 babu man fetur, babu ruwan famfo, babu motar da ke kawo hatsi daga Giwa ko Soba. Wa zai shugabanci unguwa? Yaya mai rijiya zai yi da maƙwabtansa? Me zai haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo da suka zauna tare shekara da shekaru, me kuma zai raba su? A cikin wannan aiki ɗalibi zai koyi jigo da zubi da gina taurari, ya kuma gane cewa zaman lafiya abu ne da mutane ke ginawa kullum.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Idan kwalejojin ilimi suka yaye malaman da suka iya koyar da wannan reshe da hikima, za a sami marubutan da za su gina shi da tarihin ƙasarsu da harshensu, a kuma sami masu karatun da suka san darajar abin da ke hannunsu tun bai suɓuce ba.